Taru Ba Ya Tafiya Shi Kaɗai

Duk layin tafkunan kifin da ke bakin rafi, can bayan gari inda kwalta ta ƙare, mutum ɗaya ne ke da taru na gaske, shi ya sa babba da yaro Mai Taru suke ce masa. Tarun ma asalinsa ba na tafki ba ne. Na babban kogi ne, tun lokacin da tsohon ke su da kwalekwale, kafin gwiwoyinsa su ce masa ya isa haka. Da ya dawo gida ya haƙa ɗan tafkinsa ya zuba tarwaɗa kamar yadda maƙwabta ke yi, da tarun ya dawo, cikin buhuna. Tsawonsa ya fi ƙarfin kowane tafki a layin, sai an naɗe bakinsa biyu a jikin sanda kafin a tsoma shi. Zarensa kauri gare shi, dalmar ƙasansa kuma nauyi, ƙayar tarwaɗa ba ta yi masa komai.

Mai kiwon tarwaɗa kuwa ba ya rabuwa da taru, ba sai ranar sayarwa kaɗai ba. Kifin nan ba shi da zumunci. In wani ya ɗan ɗara ɗan'uwansa girma, haɗiye shi zai yi ya lashe baki. Dole lokaci-lokaci a ja taru, a ware manya daban, ƙanana daban. Saboda haka da wuya mako ya fita ba a buga ƙyauren Mai Taru ba.

Ba ya karɓar kuɗin haya. Sharaɗinsa ɗaya ne, kowa ya haddace shi: taru ba ya tafiya shi kaɗai. Inda za shi, da mai shi za shi. Wasu suka ɗauka tsabar kirki ne, wasu suka ce rowa ce ta sake riga, tsoho ba ya son a taɓa masa kaya ba ya wurin. Duk ba su gano ba. Maganar tana gida. Mai ɗakinsa ta rasu. Auta, 'yar da ta rage masa a gabansa, aure ya kai ta gari mai nisa. Abin da aka bar masa ɗaki biyu ne, da rediyo mai shaƙaƙƙiyar murya, da kujerun roba biyu, ɗaya ta daɗe ba a zauna mata ba. Mutumin da ke kwana a irin wannan gida, in aka buga masa ƙyaure da safe, ba ya tsayawa tambayar me za a ba shi.

Ranar jan taru ita ce ranarsa. Ya loda shi a baro, ya tura har bakin tafkin da aka kira shi. Tela ya kama sanda ɗaya. Shi Tela ya daɗe a kan keken ɗinki a kasuwa kafin idonsa ya gaji da neman kafar allura ya koma kifi, amma sunan bai bar shi ba, almakashin ma bai bar aljihunsa ba. Direba ya kama ɗaya sandar. Manyan motoci ya tuƙa, har yau in zai yi magana sai ka ce da wani yake a ƙetaren titi. Mai Taru shi ne a tsakiya, ruwa iya ƙirji, yana take igiyar ƙasa da ƙafa cikin laka don kada kifi ya sulale ta ƙarƙashi.

"Tsoho, taka a hankali," in ji Tela. "Kada laka ta riƙe ka mu rasa wanda za mu yi wa tsiya."

"Kai dai ja ɓangarenka, ɗan almakashi. Kana jan taru kamar mai auna wandon yaro."

"Ku yi ta surutu!" Direba ya ɗaga murya. "Ga kifi can na wuce ku ta hannun hagu!"

In an fito, a zauna a kan buhunan abincin kifi, riguna na ɗiga, a sha shayi da burodi, a yi gardamar da ba ta da kai ba ta da gindi. Mai Taru ya kan ja zaman nan iya yadda zai jawu. Kofinsa ne ke ƙarewa a ƙarshe.

Ana nan sai cuta ta shigo layin. Kifi ya daina cin abinci, ya tsaya a tsaye cikin ruwa kai sama, gashin baki ya zube, fararen gyambuna a jiki. Da safe ka tarar da su sun juya ciki. Kowa ya shiga yin abin da ya ga dama. Wani ya fasa kafso ya zuba, wani ya antaya maganin kaji, wanda ya ga abin ya ƙi sai ya buɗe magudana ya saki ruwan cikin rafi, da matattun kifin da komai, ya ɗebo sabo. Sabon da yake ɗebowa kuwa shi ne wanda na sama da shi ya saki jiya. Masu lambu da ke can ƙasa suka fara zuwa da faɗa, rafi ya yi wari, ganyensu na ƙonewa.

Wannan ce ta sa aka kafa ƙungiya. Wata malamar kiwon kifi daga ofishin gona ta fara zuwa a kan babur, yarinya ce a ido amma ba ta da tsoron laka. Aka riƙa taruwa a rumfar Direba, aka kuma ba shi shugabanci tunda dai ko ba a ba shi ba muryarsa za a ji. Aka yi yarjejeniya. Ba mai ƙara zuba magani sai Malama ta gani. Mataccen kifi a rami za a binne shi. Ruwan tafki ba zai sake faɗawa rafi kai tsaye ba, sai ya bi ta wani babban rami da za a haƙa tare a ƙarshen layi, a dasa masa ciyawar ruwa, ya kwanta ya tace tukuna. Har da Mai Taru da gwiwoyinsa aka yi haƙan nan. Ya ji daɗin aikin ƙwarai, don kullum da jama'a.

Rafi ya fara washewa. Masu lambu suka rage faɗa. Cuta dai ba ta bar layin ba. Ta tsallake wannan tafki ta faɗa wancan, har wanda ba ruwan da ya haɗa su.

Wata ranar taro Malama ta ce kowa ya tuna mata abin da ya yi a tafkinsa kafin kifinsa ya fara mutuwa.

Mai Kaji ce ta fara. Ita ce mace ɗaya a ƙungiyar, tana da kaji da tafki guda a bayan akurkinsu. "Ni dai ban yi komai ba, 'yar nan. Ware su kawai aka yi min, sai ga shi sun fara."

"Nawa ma bayan wariya ne," in ji Tela.

"Ni kuwa ana gama kwashe min manya..." Direba ya faro da ƙarfi, sai muryarsa ta sauka da kanta, abin da ba a saba gani ba.

Ba wanda ya dubi Mai Taru, kuma rashin duban nan ya fi duba zafi. Ya tuna yadda yake naɗe tarun yana ɗiga daga tafkin wani, ya kwana a baro a jiƙe, gari ya waye ya tsoma shi a na wani. Yaushe ma ya samu sararin bushewa, ana ta kira?

"Tarun ne," ya ce, don kada ya bar wa wani nauyin faɗa.

"Baba, ba laifinka ba ne," in ji Malama. "Ni ma ya kamata in tambaya tun farko."

"Ban ce laifi ba, 'yata. Na ce tarun ne. Yaya za a yi da shi?"

Ta ce ana iya jiƙa taru a ruwan gishiri mai ƙarfi a shanya ya bushe ƙarau kafin ya shiga wani tafki. Amma irin wannan, mai kaurin zare da tsohuwar igiya mai shan ruwa, sai ya ɗebi kwanaki a rana, ga tafkuna da yawa kowa na jira. Abin da ya fi, kowane tafki ya zama da nasa kayan, kada komai ya ƙetara. A kuma ajiye bahon ruwan gishiri a kowace ƙofa, mai shiga ya tsoma ƙafa da hannu, wanda ba shi da aiki a ciki ya tsaya a waje.

Direba ya ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Hannun Mai Taru ne ya riga na kowa tashi. Ya san abin da yake ɗaga wa hannu, ya kuma ɗaga.

Ya wanke tarun, ya shanya shi a kan katangar gidansa, ya zagaye ta har ya dawo. Ya bushe, ƙarnin kifi ya fita, ya bar shi a nan don bai san inda zai kai shi ba.

Daga nan kwanaki suka yi tsawo. Da safe ya watsa wa kifinsa abinci, ya tsaya yana kallon ruwa na tafasa da bakuna, kafin ka ce me sun cinye, ruwa ya kwanta. Shi ke nan aikin safe ya ƙare, rana ko ɗagawa ba ta yi ba. Ya share tsakar gidan da ba wanda ya ɓata. Ya dafa shayi, sai ya ga ya zuba ruwan mutum huɗu, hannu bai san an yi yarjejeniya ba. Wani lokaci iska ta kawo masa muryar Direba daga can sama, ana jan ƙaramin tarun kasuwa, ana ihu. Ya rage muryar rediyo ya kasa kunne, ko zai gane wa ake yi wa tsiya.

In ya bi ta layin, gaisuwa ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi. Amma ta zama irin gaisuwar da ake yi wa mai jinya, a tausashe, daga bayan shinge. "Baba, ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara lafiya." Shi da lafiyarsa ƙalau. Da can ba mai tambayar jikinsa, zaginsa ake yi cikin ruwa, kuma ya fi son wancan.

Auta ta kira shi a waya.

"Baba, muryarka ta yi wani iri. Ka ci abinci kuwa?"

"Na ci har na bar saura."

"Ka dawo wurinmu mana. Ga ɗaki nan a banza, yara kullum sai sun tambayi Kaka. Me kake tsare wa a can?"

"Aiki ya yi min yawa, Auta. Kin san layin nan in ba ni."

Ya ajiye wayar ya dubi katanga. Wani ƙadangare ya samu wurin kwana a cikin tarun.

Su kuma can tarun kasuwa bai yi musu rana ba. Zarensa kamar na gidan sauro, dalmarsa ba nauyi. Tarwaɗa ta buɗe ƙayarta ta keta shi, rabi su bi ta ƙasa. A yini ana ja ba a ware komai ba, manya na ta cin ƙanana. Guna-guni ya fara tashi.

Wata safiya aka buga ƙyaure. Mai Taru ya tashi da saurin da gwiwarsa ba ta yafe masa ba. Tela ne, ya shigo yana waige kamar wanda ya zo sayen abin kunya.

"A'a, ɗan almakashi! Ashe kana duniya? Zauna, ga kujera, bari in ɗora ruwa."

Ya goge kujerar nan ta biyu da hannun riga. Tela ya zauna a bakinta.

"Tsoho, ba zama ya kawo ni ba. Masu sari za su zo min gobe da safe. Tarun nan na kasuwa ya zama tsumma, na ɗinke shi har na rasa inda zan soka allura. Ka taimake ni da naka."

"Ka manta hannun da muka ɗaga?"

"Hannu ai kullum ɗaga shi ake yi a sauke. Ka duba shi, ya bushe kamar ƙashi. Wace cuta ce za ta zauna a wannan?"

"Yau babu. In ya fito daga naka fa? Jibi Direba zai ji labari ya zo. In hana shi in ce me? Gata Mai Kaji."

"To wa zai sani? Mu bi ta bayan lambu tun da sassafe. Ni da kai ne, sai ƙanen matata. In mun gama mu sha shayinmu kamar da. Har burodin nan mai kwakwa da kake so zan saya."

Wannan ta ƙarshen ce ta shige shi. Ya ji sanyin ruwa a ƙirjinsa, ya ji laka na shiga tsakanin yatsun ƙafarsa. Bai san lokacin da ya miƙe ya dafa hannun baro ba. Baron ma ya yi ƙura. Ya tsaya a haka, Tela na kallonsa.

Sai ya saki.

"Ba zai fita ba, Tela."

Tela ya miƙe. "Yau ni ne Tela? To madalla. Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba, tunda kana nan a ƙunshe. Ƙungiyar nan taka saura ƙiris ta watse. Direba da bakinsa ya ce in wata ya ƙare a haka zai ɗauko tarun haya daga wani gari, wanda ba mu san tafkin uban wa ya shiga ba. In aka karya wannan, sauran ma karyewa za su yi, kowa ya koma sakin ruwansa a rafi. Kai kuma ka zauna da naka a katanga, ka ɗaura masa aure."

Ya fita. Ruwan shayi ya tafasa ya yi ta tafasa, ba wanda ya sauke shi.

Mai Taru ya daɗe a tsaye. Ba zagin ne ya dame shi ba, zagi ma ya yi kewarsa. Gaskiyar da ke ciki ce. Ya san mutane, ya yi zama da su a bakin kogi da tasha da kasuwa. Ba mugunta ke karya alkawari ba, yawanci gajiya ce. Mutum na iya riƙe doka muddin tana barinsa ya ci abinci. Taru mai kyau ɗaya ne a layin, ga shi a katanga. Ba zai yiwu ya zagaya tafkuna ba. Tafkunan kuma duk suna bukatarsa. Ya juya maganar ta kowace fuska, ta ƙi ba shi amsa sai guda ɗaya, wadda ba ya so.

Ya sauke tarun ya shimfiɗa shi a filin bayan gida. Bai bukaci zuwa auna tafkin kowa ba, faɗin kowanne yana cikin ƙafarsa. Ya wasa wuƙa. Ya fara daga bakin dama: wannan na Direba ne, shi ne mai faɗi. Yankan farko ne mai wuya. Igiyar sama ta yi gardama, sai da ya sa gwiwa ya danne. Da ta rabu, ya ji abin har cikin haƙoransa. Bayan nan hannu ya saba. Na Mai Kaji, na sauran maƙwabta, ɗaya bayan ɗaya.

Da ya zo kan na Tela sai wuƙa ta tsaya. Daidai inda ya kamata ya yanka akwai wani gyara da koren zare, faɗin tabarma. Wata shekara ce kututture ya yage tarun a kogi, shi kuma yana kwance da zazzaɓi, mai ɗakinsa ta zauna ta saƙe wurin da zaren da ta samu. Bahaguwa ce, ƙulle-ƙullenta duk hagu suke kallo. Ya sha yi mata dariya a kan haka, ta ce in ya ga kifi ya fita ta nan ya zo ya faɗa mata. Bai taɓa zuwa ba.

Ya matsa da wuƙar gaba, ya bar wa Tela koren duka. Abin da ya saura wa nasa tafkin ya zama ɗan guntu, da ƙyar zai kai baki da baki. Ya ce ya isa.

Ya ɗaure bakin kowane yanki, ya sa masa sababbin sanduna, ya jiƙa su a duron ruwan gishiri, ya shanya. Masu sarin Tela suka zo suka tafi da ɗan abin da aka iya kamawa, Tela ya daina bi ta ƙofar gidan. Da Malama ta zo zagaye ya kira ta ta duba. Ta tsaya a kan yankunan, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, kai ka yi wannan?"

"Ɓera ne. Duba min dai, sun yi?"

Ta murza igiyar, ta sunsuna. "Sun yi, Baba."

Ya loda a baro ya bi layi. A kowace ƙofa ya yi sallama, ya miƙa ta saman shinge, bai shiga ba. Mai Kaji ta dafe ƙirji ta yi ta salati. Direba ya yi godiyar da sai da kajin Mai Kaji suka firgita. Tela ya karɓi nasa, ya warware, ya ga koren zare. Ya san labarinsa, don an sha ba shi a kan buhunan abinci.

"Ka yanka shi," ya ce.

"Ka ce in ɗaura masa aure. Na aurar da shi gida-gida. Ka riƙa take igiyar ƙasa, kai kullum mantawa kake yi."

Ya juya baronsa, wanda ya yi sauƙin turawa har yana ƙara.

Yarjejeniya ta tsaya da ƙafarta. Kowa ya ja nasa, ya wanke, ya shanya a nasa shingen. Mutuwar kifi ta ragu, ba a rana ɗaya ba, a hankali, har aka wayi gari ba a maganarta. Ciyawar babban rami ta yi kore shar, ruwan da ke fita ta ƙarshensa kana ganin yashi a ƙasansa. A taron ƙungiya Direba ya sa aka tafa wa Mai Taru, Malama ta ce za ta ba da labarinsa a wasu wuraren. Ya yi murmushi ya ce a bari. Aka tashi, kowa ya nufi tafkinsa da sauri, don yanzu kowa na da abin yi.

Tafi ba ya bin mutum gida. Ya koma ya tarar da katanga tsirara, sai zanen da tarun ya bari a jikin ƙura. Da can ko ba a zo ba, akwai abin da za a iya zuwa nema. Yanzu babu. Ya lura yara sun fara ce masa Baba kawai. Ya kan zauna a bakin tafkinsa bayan la'asar, ya watsa abinci kaɗan-kaɗan don cin ya daɗe. Da Auta ta sake kira, bai ce aiki ya yi yawa ba. Ya ce, "Bari in ga wannan zubin ya girma tukuna." Ta gane, ta ce za ta sa a share ɗakin.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi, sai ya ji ana kwaɗa masa kira daga waje, ba sallama ba komai.

"Tsoho! Kana ciki ko ka mutu?"

Ya leƙo. Tela ne, hannu a aljihu, yana kallon wani wuri daban.

"Kayan da ka ba ni na banza ne. Ya yage. Rami ne wanda akuya za ta wuce da kayanta."

"Tarun nawa? Ƙarya kake yi."

"Zo ka gani mana. Ni ɗinkin riga na iya, wannan ƙulle-ƙullen naku na masunta ban san kansa ba. Malama ta ce mai gyara na iya shiga in ya tsoma ƙafa."

Mai Taru ya koma ɗaki ya lalubo allurarsa ta katako da ƙullin zare. A ƙofar Tela ya tuɓe takalmi, ya tsaya cikin bahon gishiri, ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya tsoma allurar ma. Gishirin ya sami wata tsaga a dugadugansa ya cije shi. Rabonsa da cikin shingen nan har ya manta akwai bishiyar gwaiba a kusurwa.

Tarun na rataye a kan igiya, a bushe. Ya ɗaga wurin ya duba. Ya ga yagar kututture a rayuwarsa, ya ga ta ƙaya, ya ga ta haƙorin kada ma sau ɗaya. Duk yaga tana barin zare a tsattsage, baki a tauye. Wannan kuwa kowane zare ya rabu tsaf, a miƙe, kai ka ce da alli aka ja layi. Yankan ya zo daf da koren saƙa, ya yi kwana a hankali ya kauce mata, ko ƙulli ɗaya bai taɓa ba.

Bai ɗaga kai ba. Ta gefen ido ya hango hannun Tela ya ƙara nutsewa cikin aljihu.

"Wata ƙatuwar tarwaɗa ce," in ji Tela. "Ban taɓa ganin irinta ba. Kanta kamar faranti."

"Za ta yi haka," in ji Mai Taru. "Akwai su."

Gyara ne da zai gama kafin ruwa ya tafasa. Ya jawo buhun abinci ya zauna, ya ɗora tarun a gwiwa, ya naɗa zare a allura ba gaggawa. Ya yi ƙulli ɗaya, ya dube shi, ya kwance.

"Wannan aikin ba na yini ɗaya ba ne," ya ce.

"Ni ma na ga alama. Ga hannunka ya tsufa, ga ido babu." Tela ya juya wajen murhu. "Sukari nawa? Ko har yanzu kana sha kamar mai gudun gobe?"

"Zuba dai, ɗan almakashi. Ba daga aljihunka rowa ta fara ba."

Ya san in rana ta yi sanyi zai koma ɗaki biyun nan, da rediyo, da katangar da ba komai a kanta. Ya san maganar Auta na nan tana jiransa. Ya sake ɗaura ƙullin, wannan karon ya bar shi, ya karkata shi hagu don ya dace da na kusa da shi.